Masaukin Tankari a Gidan Mai Fura

Jiya na ji ɗayanku yana faɗa wa abokinsa a bakin biro, ofishinmu, wai aikin Tanti Hajo yawo ne da gaishe-gaishe. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, ga shi can yana kallon takalminsa. Wai mene ne abin wuya a ɗauki yaro a kai shi gida a aje. To ku matso, ku kife wayoyin nan. An ce in yi muku bayani kafin in bar aiki, kuma zan yi, amma wanda ya zo jin daɗin baki ya tashi tun yanzu.

Aikina nemar wa 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, masauki. Yaro ya ci jarrabawa a ƙauye, can wajen Kiyeshe ko bayan Dogon Kiriya, an turo shi lise, babbar sakandare, nan Dogon Dutsi. Ubansa bai taɓa taka ƙofar aji ba, ba shi da kowa cikin gari, rumbunsa ba ya kai shi damana. Gwamnati ta ba yaron benci, ba ta ba shi wurin kwana ba, ba ta ba shi tuwo ba. In ba a samu gidan da zai riƙe shi ba, karatu ya ƙare tun ba a buɗe littafi ba. In kuma yaron gurgu ne ko makaho, wahalar ta ninka. Ni ce ke tsaye tsakanin yaron da gidan, kuma in abu ya lalace, ni ake zagi ta ko'ina.

Ku an ba ku babur da ordinater, kwamfutar nan taku. Ni kayan aikina takalmin roba ne, da goro a bakin zane, da mayafin nan da nake awo da shi. Sauran kuwa ido ne da riƙe baki.

Gidan farko da na shiga da sunan aiki, Mushe Namata, Malam Namata ke nan, ya kai ni, Allah ya jiƙansa. Shi ne mai kula da yara a kwaleji wancan zamani, shi ya koya mini sana'ar. Wani ɗan kasuwa ya aiko yana son a ba shi yaran ƙauye biyu, don Allah. Kafin mu shiga Mushe ya ce mini, "Ki zauna, ki sha ruwa, kada ki ce uffan." Na zauna na sha. Da munka fito ya ce, "Me kika gani?" Na ce gida ne na siminti, akwai rufin asiri, yara za su ƙoshi. Ya tsaya tsakiyar hanya ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Randunan da ke jere gindin bango, wa ke cika su?" Gidan ba famfo, ba saurayi ko ɗaya, matan ba su fita. Ba ɗan lakwal mutumin ke nema ba, ɗan ga-ruwa yake nema wanda ba a biya. Ba mu ba shi kowa ba. Tun ranar, in na shiga gida ba na kallon labule da kujeru. Randa nake dubawa, da turmi, da yawan takalman da ke bakin ɗaki, da yadda uwar gida ke kiran ɗiyan da ba nata ba.

Wata yarinya mai keken guragu ta sa na fara awo da mayafi. An samo mata gida na mutanen kirki, kowa yana murna, sai ranar kai ta kekenta ya ƙi shiga zaure. Ta sauka ta ja jiki ta shiga gaban maza, ba ta ƙara yarda ta koma ba. Daga nan nake auna faɗin keke da mayafi, in je in auna ƙofa, in auna bakin makewayi, in bi hanyar lakwal da ƙafa in ga inda rairayi ke kama taya. Haka nan ba na kai yaro mai layu a wuya gidan samarin 'yan kasuwar nan masu tsananin addini, don za a tsinke su ranar farko, uban yaro ya ji, ya zo ya ɗauke ɗansa. Na sha kai ɗan musulmi gidan 'yan coci aka zauna lafiya, amma sai na zauna da kowane ɓangare an yi magana kan buta da tabarmar salla da abin da ke shiga tukunya. Wannan duka shi ne yawon da kuke cewa.

Amma gurgu kowa ya gan shi. Akwai lalurar da ba a gani, kuma a kanta Mushe Namata ya kafa mini doka. Kada ki taɓa yi wa mai masauki ƙarya. Ki faɗa wa mutum ɗaya a gidan, wanda ke riƙe da ludayi, ki faɗa masa duka, ba ragi. Maƙwabta kuwa ba su da rabo a ciki. Ban fahimci nauyin maganar ba sai a kan Tankari.

Ubansa, Bawa, shi ya kawo shi daga wani ƙauye bayan Dogon Kiriya, da hatsi a ka tun daga tasha. Na ba shi kujera, ya ƙi, ya zauna ƙasa bakin ƙofar biro. Tankari ne na farko a ƙauyensu da ya kai lise. Dogon yaro ne mai sanyin murya, in ana magana ƙasa yake kallo. Sai da uban ya aike shi sayen ruwa sannan ya matso ya rage murya.

"Madan, yaron yana faɗuwa."

Farfaɗiya ke nan. Kun san abin da ake cewa a ƙasar nan. Wani ya ce iska ce, wani ya ce doguwa ta shafe shi, amma abin da kowa ya yarda da shi, mai salla da mai bori da mai zuwa coci, shi ne wai kumfar bakinsa na kama mutum. Ba a cin abinci ƙwarya ɗaya da shi, ba a shan ruwa da moɗarsa, in ya faɗi a watse. Ƙarya ce tsagwaronta, likita ya ba da ƙwaya ana sha kullum mutum ya yi rayuwarsa. Amma ni ba da abin da ke gaskiya nake aiki ba, da abin da ke cikin kan mutane nake aiki.

Na yi ta juya gidaje cikin raina har na tsaya kan Kulu mai fura. Gwauruwa ce, gidanta kusa da tasha, da furar nan take ciyar da jikokinta marayu. Direbobi da 'yan kabu-kabu da masu shaguna duk wurinta suke sha, ƙwaryarta ba ta kai la'asar. Na same ta tana cura fura, na ja ta ɗaki na rufe ƙofa, na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Hajo, ƙanena haka yake. Cikin tabki ya faɗi, ruwan bai kai gwiwa ba, mutane na tsaye na kallo, ba wanda ya taɓa shi har rai ya yi halinsa. Kawo mini yaron." Na ce, "Yaya Kulu, sana'arki ta baki ce, ki yi tunani." Ta ce, "Na yi. Daga ni sai ke."

Haka aka yi. Ƙwayar tana cikin kwallarta, kowace safiya ta ba shi da koko kamar tana ba shi sadaka. Sau ɗaya abin ya kama shi a tsakar gida, ta tura jikoki waje, ta sa sakata, ta kwantar da shi a gefe har ya dawo hayyacinsa, ta ce wa masu tambaya zazzaɓi ne. Inna yake kiranta. Yaron ya yi ƙiba, ya fara dariya, malaman lissafi suna rige-rigen yabonsa. Ya kai ajin ƙarshe, saura bak, jarrabawar da in ya ci sai jami'a. Abin da yake buƙata kawai a bar shi a gidan nan har ya zauna ya rubuta.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke hatsi na fidda kai, aka yi girbin kara. Gidajen da sunka saba riƙon yaro biyu sunka ce ɗaya ma sai a hankali. Iyaye sunka daina aiko hatsi don babu. Na cinye takalmi a shekarar nan ina roƙo ƙofa-ƙofa, wanda na taɓa yi wa alheri ma in ya hango ni sai ya shige ɗaki a ce ba ya nan. Wurin kwana ɗaya a Dogon Dutsi ya zama abin da ba a wasa da shi.

A shekarar aka turo mana Mushe Laminu daga Yamai, shugaban wani foroje, wato shiri, na taimakon 'yan lakwal masu lalura. Ku saurara da kyau, don shi irinku ne. Ba mugu ba ne. Yana da karatu, yana da himma, ba ya cin abin kowa, kuma shi ya sa aka fara ba yaranmu magani kyauta. Ta nan ya san zancen Tankari, don ƙwayar ta hannunsa take fitowa. Ranar da ya sani na ce masa, "Mushe, wannan magana ta tsaya a ɗakin nan. Matar da ke riƙe da shi fura take sayarwa." Ya yi murmushi irin na wanda ke lallashin tsohuwa. Ya ce, "Tanti, ɓoye-ɓoyen nan shi ke kashe mu. Jahilci ne, kuma maganinsa wayar da kai." Na ce, "Ka wayar a rediyo, ka wayar a kasuwa, ka bar ƙofar Kulu." Ya ce to. Ashe to ɗin ta ladabi ce.

An aike ni Tibiri kan wasu yara, na kwana biyu. Da na sauka tasha na ji amsa-kuwwa na tashi daga unguwar su Kulu. Na ɗauka suna ake yi. Ina karya kwana na ga bencinan lakwal jere a ƙofar gidanta, matan unguwa cike, mai unguwa a kujera, ga ma'aikacin likita da farar riga, ga lemu cikin bokiti. Kulu na tsaye jikin bango da ludayi a hannu. An ce mata baƙi za su zo duba yadda yaron ke zaune, ita kuwa ta share gida.

Duk abin da Laminu ya faɗa gaskiya ne, wallahi ban ji ƙarya ko ɗaya ba. Ya ce ba iska ba ce, ya ce ba ta yaɗuwa, ya nuna yadda ake kwantar da mutum. Ina kutsawa cikin mutane in kai gare shi sai na ji ya ce, "Tankari, tashi su gan ka." Yaron ya tashi, don an koya masa in babba ya ce tashi a tashi. Laminu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ga ɗan'uwanku. Shekara da shekaru yana cikin gidan nan, yana ci yana sha inda ake dama furar da kuke sha kullum. Wa ya kamu a cikinku?"

Aka tafa. Wallahi aka tafa. Aka sha lemu, aka ɗauki hoto, mai unguwa ya yi godiya, wani Alhaji mai shago ya tashi ya ce jahilci ya ƙare a unguwar nan daga yau. Ni ina kallon wata mata a bencin baya, ta jawo ɗanta ta goge masa baki da gefen zane.

Washegari Kulu ta fito da ƙwarya kamar kullum. Har la'asar tana nan cike. Direbobi sunka koma wurin wata can gaba, suna wucewa suna gaishe ta da hannu daga nesa. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ce don me. Jibi ma haka. Ta rage dama, furar ta kwana. Ta ɗauki ƙwarya a ka, tsohuwa da ita, ta tafi wata unguwa, ta tarar labari ya riga ta. A lakwal, bencin da ake matsuwa mutum uku ya zama na Tankari shi kaɗai. Aka ɗauke moɗar da ke bakin randar aji, kowa ya fara zuwa da gorarsa. Waɗannan fa 'yan ajin ƙarshe ne, masu karanta ilimin jikin mutum suna cin maki.

Na shiga biron Laminu ban yi sallama ba. Na ce, "Ka je ka ga aikinka?" Ya ce ya ji, ransa bai yi daɗi ba, amma canji yana ɗaukar lokaci, kuma yana shirin taro na biyu, mai girma, da limamai da fasto. Na ce, "Lokacin wa? Naka? Kai albashinka na zuwa ko an sha fura ko ba a sha ba. Jikokin matar nan tsamammiyar fura suke sha safe da dare. Ka tambayi yaron kafin ka tsayar da shi? Ka tambaye ta?" Ya ce ai don amfaninsu ya yi. Kai, ranar da ba don girman furfurata ba da na kifar masa da tebur. Abin da ya fi ƙona mini rai, har ga Allah yana ganin ya yi daidai, mutane ne ba su gane ba. Ya ɗauki asirin wani, da tukunyar wata, ya yi darasi da su, shi ko ƙwayar hatsi bai saka a ciki ba.

Kada ku ce shi kaɗai nake jin haushi. Garin nan ma ina jin haushinsa har gobe. Na koma yawon neman wani gida don a sauƙaƙa wa Kulu. Alhajin da ya ce jahilci ya ƙare, na je wurinsa, yana da shago biyu da ɗakin baƙi a rufe, ya ce iyali ba za su yarda ba. Na je gidan wani dattijon coci da na sha kai wa yara, matarsa ta ce bana gidan ya cika. Na je wurin wata 'yar bori da ke cewa ita ba ta tsoron iska, ta ce wannan ba irin tata ba ce. A shekarar ƙoshi da wataƙila na samu mai kunyata. A wannan shekara kowa na da hujja a hannu, yunwa ta ba su.

Kulu kuwa ko sau ɗaya ba ta ce ya tafi ba. Ta sayar da akuyarta. Da na yi mata zancen canza masa gida ta ce, "Hajo, in kika fitar da shi kin tabbatar musu. Ya zauna ya yi jarrabawarsa, Allah na nan." Amma yaron yana da ido. Kullum ya dawo lakwal sai ya tarar da ƙwarya a zaure an rufe ta da faifai. Na kira shi na ce ya kwaso kayansa ya dawo gidana, duk da ɗaki ɗaya ne da rumfa. Ya ce, "Tanti, kina da 'yan mata biyu da ba su yi aure ba. Na gode." Yaron da ba ya ɗaga ido, ranar ya dube ni sosai.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, Kulu ta fita neman dusar da za ta tuƙa wa jikoki. Da ta dawo ta tarar ya naɗe tabarmarsa ya jingine, ya cika mata randuna, ya bi motar 'yan kasuwar Dogon Kiriya. Ta zo biro ba mayafi, ta zauna ƙasa tana cewa, "Ban kore shi ba, Hajo, ki shaida ban kore shi ba."

Na aika saƙo, shiru. Na sake aikawa, shiru. Da jarrabawa ta matso, ruwan farko ya sauka, na ce ba zan zauna ba. Na roƙi mai gadin lise ya yarda yaron ya kwana ɗakinsa kwanakin jarrabawa kawai, na karɓo ƙwaya, na hau mota zuwa Dogon Kiriya, daga nan amalanken shanu. Laminu a lokacin yana Yamai, an kira shi ya je ya bayyana wa manya yadda taronsa ya yi nasara.

Na tarar da Bawa a bakin gona. Ya ce maganin ya ƙare tuni, faɗuwar ta dawo, kuma tun da yaron ya zo bai buɗe jakar littattafansa ba. Ya nuna mini shi can tsakiyar gona yana saran shuka. Na taka na same shi. Ya rame, ga sabon tabo a goshi. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Na ba shi ƙwayar, na faɗa masa zancen ɗakin mai gadi, na ce kwana kaɗan ne, ka zo ka rubuta ka dawo, malamanka sun ce ko yanzu ka shiga za ka ci. Na yi magana har bakina ya bushe. Ya bar ni na gama.

Sannan ya ce, "Tanti, Inna ta koma sayar da fura?"

Na so in yi masa ƙarya. Amma mutanen ƙauyensu na zuwa kasuwa kowace Juma'a, zai ji. Na ce ta koma.

"Ana saye?"

Na ce ana saye. Mako bai cika ba bayan tafiyarsa direbobi sunka dawo.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Kin gani ke nan, Tanti. Ki gaishe ta."

Ya ɗauki sungumi ya ci gaba da sara, ƙanensa na biye yana zuba iri. Na tsaya a gonar har mai amalanke ya gaji da jira ya fara kirana.